Filis, Albasarmu Na Zufa

Wanda ya fara jifana da kalmar nan wani ma'aikacin duwan ne, wato kwastan, a bakin iyakar Gana, ƙato mai ƙirji kamar bangon rumbu. Ya leƙo ta tagar motarmu, ya dube ni, ya ce, "Filis," ya nuna ƙasa da yatsa.

Na zunguri direbanmu, Lawali. Na ce, "Ka gani ko? Ban ko taka ƙasarsu ba, ga babban ma'aikaci na roƙona."

Lawali ya ce, "Roƙo da bindiga rataye ga kahwaɗa? Sauka, Shaibu, tun bai roƙe ka da gindinta ba."

Na sauka. Ya ce filis, na buɗe jaka. Ya ce filis, na cire hula. Ya ce filis, na juya baya. Wallahi da ya ƙara filis biyu, da sai dai in shiga Gana yadda aka haife ni.

Turawa please suke rubutawa, amma bakin Bahaushe filis yake iya fitarwa, kuma haka zan yi ta rubuta ta. Kafin tafiyar nan iyakar sanina shi ne tana nufin "don Allah", mai nema ke faɗa wa mai bayarwa. A kasuwar bakin iyaka ta wajen Ƙonni na tsinto ta, tare da wasu ƴan kalmomi da nake juyawa a majalisa, har mutanen garinmu Dogarawa suka fara cewa a Ingila aka yanke mani cibi. Shi ya sa shekarar da albasa ta yi albarka, dattijon da ya saba raka kayan unguwarmu zuwa Kumasi kuma ya faɗo daga amalanke ya karye, ba a yi dogon shawara ba. Aka ce ai ga Shaibu mai Turanci.

Mota guda, maƙil da albasar gidaje. Buhunan da aka ɗora a ƙarshe, wato na can sama, na yayata ne, Yaya Haddi, wadda ta goye ni. Mijinta ya rasu ya bar mata garka da ƴaƴa, ita ta yi ta ban ruwa da hannunta tun daga dashe har cira. Abin da ta sallame ni da shi ke nan: "Shaibu, wagga tahiya ba majalisa ba ta. In ka maida albasata wargi, kak ka komo mani gida."

Hanyar Burkina a lokacin lafiya lau take, mun ratsa ta da ɗan Faransancin lakwal, wato makarantar boko. Filis ce ta tare mu a ƙofar Gana, ba ta kuma sake mu ba.

A Tamale muka tsaya cin abinci a zongo, rumfar wata Hajiya Fati mai wake da shinkafa. Nan kaina ya kwance. Wani ya ƙwala wa Hajiyar kira tana cikin zuba abinci, ta amsa, "Filis?" Aka tambaye ta ko akwai nama, ta ce filis, sannan ta ce babu. Can bakin titi direbobi biyu suka kaure, ɗayan ya ce filis cikin ladabi, sannan ya zagi ɗan'uwansa tun daga uba har kakan kaka, bai tsallake kowa ba.

Na ce, "Hajiya, don girman Allah, wai mi anka yi ma mutanen ƙasar ga? Kowa na roƙo, ba mai bayarwa."

Ta yi dariya har ludayi ya faɗa tukunya. Hausarsu ta zongo ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne. Ta ce, "Baƙo, zauna in koya maka. Nan in an kira ka, filis ne na'am ɗinka. In za ka hana mutum abu, ka shimfiɗa mishi filis ya faɗi a kai, kar ya ji ciwo. Ɗan sanda ya ce filis, umurni ne. Yaro ya ce filis, ladabi ne. Matan ka ya ce filis da ido ja, nemi takalmin ka."

"To na roƙon gaskiya hwa?"

Sai ta aje ludayi. Ta ɗora bayan hannun dama a cikin tafin hagu, ta buga a hankali, ta rusuna. Ta ce, "Ga shi. Mutanen kurmi da za ku shiga, in ka yi musu wannan, sun san ba baki ne ke magana ba. In gaban babba ne, ka zare takalmi. Kuma kar ka shiga gidan mutum ka fara da buƙata. Ka zauna, ka sha ruwan shi, sai ya tambaye ka abin da ya kawo ka. Amma kar ka ɓata shi wajen neman ƙarin miya. Na ranan wuya ne."

Lawali ya tsotse ƙashi ya ce, "Ni ɗan Malbaza, ban roƙon kowa da Turanci. Ko da Hausa ma sai na yi shawara."

Bari in gaya muku ko wane ne Lawali. Tun yana saurayi siminti yake ɗauka daga Malbaza, wannan ce tafiyarsa ta farko da albasa. A wurinsa duk kayan duniya siminti ne, abokin gabarsu kuma ɗaya ne, ruwa. Ko tumaki ka ɗora masa, in ya ga hadari sai ya naɗe su a leda.

Da muka wuce Kintampo duniya ta sake. Itatuwa suka miƙe suka haɗa kai a sama, irin waɗanda in ka ɗaga ido neman ƙarshensu hularka ta faɗi a Burkina. Ni da na saba tsayawa a gonarmu in hango mai zuwa tun yana garin surukansa, sai ga ni ba na ganin ko gaban hancina sai ganye. Ina ta ihu, "Lawali, dubi ayaba! Lawali, dubi ruwa na gudu ba mai gadi!" Muna cikin haka sama ta tsage. Mu a gida albasa ake cira, rana na dafa ƙwai a aljihu, nan kuwa damina ce tsababa.

Lawali ya ci birki, ya haye sama, ya ja tamfol ɗinsa na roba, baƙi ƙirin mai kauri, ya ɗaure motar ciki da bai kamar gawa.

Na ce, "Lawali, bar mata ƙofar shan iska. Albasa rai gare ta, tana lumfashi."

Ya ce, "Shekara nawa ina ɗaukar kaya, ko buhu guda bai taɓa jiƙewa ba."

"Siminti ba ya zufa, ɗan Malbaza!"

"Kai ka san garka, ni na san mota. Shiga mu tahi."

Muddin muna gudu, iska na samun ƴar kafa ta gefen katako, abin da sauƙi. Amma bayan Techiman, a wani gangare, muka ji ƙara a ƙarƙashin mota kamar an kifar da kwanukan amarya. Lawali ya lallaɓa ta gefen hanya, ya shiga ƙarƙashi, ya fito da fuska irin ta mai ta'aziyya. Wani ƙarfe ne ya karye, kuma sai a Kumasi ake samunsa. Ya ƙara ja wa tamfol igiya, ya tare motar haya, ya leƙo ta taga ya ce, "Gobe ina nan. Kak ka taɓa man tamfol!"

Goben mai neman ƙarfen mota, Allah kaɗai ya san ranarta.

Aka bar ni da mota, da buta, da albasar Dogarawa. Da safe rana ta fito ta hau baƙin tamfol. Da la'asar ruwa ya sauko. Washegari rana ta sake fitowa, ƙasa na tururi kamar madambaci. Na hau sama na ɗaga gefen tamfol, na cusa hannu. Zafi! Cikin robar duk ya yi raɓa, tana ɗiga kan buhunan sama, buhunan Yaya Haddi. Sai ga ɗan warin nan ya bugo ni, mai zaƙi-zaƙi, wanda duk manomin albasa ya sani kamar muryar uwarsa. In na bar tamfol, ta dahu. In na yaye, ruwan la'asar ya gama da ita. Albasa ɗaya kuwa in ta ruɓe, ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta ja buhun.

Ina zaune a kan kaya ina lissafin yadda zan koma Agadas da zama in canza suna, sai ga babur ya tsaya. Wani mutum ya sauko, farar shadda, turare har ya danne na albasa. Ya yi sallama da Hausa. Jama'a, ban san ina kewar sallama ba sai ranar. Na kusa rungume shi.

Ya ce sunansa Inusa, dillalin albasa ne. "Ɗan'uwa, filis, sannu. Filis, mota ya mutu? Kai, filis, abin tausayi." Ya shinshina iska, ya girgiza kai. "Filis, kayan nan ya gama. Amma don Musulunci, filis, zan kawo motan kaina in kwashe, in ba ka wani abu ka koma gida."

Da ya faɗi wani abun, sai da na riƙe igiya. Ko kuɗin buhunan wofi bai kai ba.

Na ce, "Malam Inusa, na ga hayaƙi can bayan itatuwa. Ba gari ba ne? Ko sun taimaka?"

Ya zaro ido. "Filis, kar ka je! Mutanen nan ba su son baƙo. Kana juya baya za su kwashe kaya har taya. Filis, ni kaɗai gare ka a nan." Ya hau babur ya ce zai dawo gobe in na yi tunani. Na san tunanin da yake jira. Jira yake wari ya nuna, farashi ya ƙara faɗuwa. Filis ɗinsa irin wanda mahauci ke shafa wa rago ne a wuya. Hajiya Fati ba ta lissafa mani wannan ba.

Na ciro waya in kira Yaya Haddi, na mayar aljihu. Me zan ce mata? Nan kewar gida ta taso mani. Na tuna furar gero da nonon Fulanin da ke zuwa kasuwarmu, na tuna busasshen zafinmu mai gaskiya, wanda ke ƙona ka a fili ba ya jiƙa maka riga a ɓoye. Ni Shaibu, da ko a wurin makoki sai an tsawata mani, na zauna shiru har wata akuya ta tsaya tana kallona da tausayi.

Sai na ce, to, in za a kwashe har taya, gara in ga masu kwashewar. Na ciro albasa biyu daga buhun sama, ɗaya lafiyayya, ɗaya ta fara laushi, na bi ƴar hanya cikin gonakin koko.

Garin ƙarami ne. Abin da ya fara tsayar da ni, a ƙofar kowane gida akwai wani dogon gado na itace, tsayinsa ya kai ƙugu, an shimfiɗa masa tabarmar gora mai ƴan ramuka. A kansu suke shanya koko, amma lokacin ba na koko ba ne, duk suna nan wayam. Iska ta sama, iska ta ƙasa! Can kuma ga wata babbar rumfar kwano ba bango, inda suke tara buhuna. Da a ce aljanna ta albasa ce, haka za a gina ta.

Na tambayi wata mata da hannu, wa ke da garin nan? Ta kai ni wani gida. Ina jiran in ga sarki da rawani, sai ga tsohuwa ƴar firit a kan ƴar kujera, tana gyaran rogo. Mama Akosuwa suke kiranta, kuma na lura duk ƙaton da ya shigo sai ya rage tsawo.

Bakina ya buɗe zai fara zuba, sai na tuna Hajiya Fati. Na haɗiye. Aka ba ni kujera, na zauna. Aka kawo ruwa, na sha. Albasa na can na dahuwa, ni ina nan ina murmushi kamar wanda ya zo neman aure. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Wallahi a zaman nan na ji furfura uku sun tsiro mani. Can tsohuwar ta aje wuƙa, ta buɗe tafin hannu, ta ce, "Abochi?" Haka suke kiran Bahaushe. Na gane an iso wurin tambaya.

Turancin da na yi shekaru ina tsorata Dogarawa da shi ya watse, ya bar ni da kalma ɗaya. Na miƙe, na zare takalmi. Na aje albasa biyun a gabanta. Na nuna hanya, na kwaikwayi mota, na kwaikwayi mutuwarta. Na nuna rana, na nuna hadari, na nuna gadajen koko da rumfa. Sannan na ɗora bayan hannun dama a tafin hagu, na rusuna, na ce, "Mama, filis."

Kowa a tsakar gidan ya juya yana kallon tsohuwar.

Ta ɗauki mai laushin, ta latsa, ta shinshina. Ta ɗaga kai ta dubi sama, kamar mai duba agogo. Sai ta yi wata tsawa da ban san daga ina ta fito a jikin nan nata ba. Wani ya fita da gudu yana buga kuge.

Jama'a, ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba! Maza suka yaye tamfol ɗin Lawali, tururi ya tashi har tsuntsaye suka canza hanya. Aka yi layi daga titi zuwa gari, buhu na bin buhu. Na ƙasa, da ba su jiƙe ba, aka jera su tsaye a rumfa, da rata a tsakani. Na sama aka farke, aka baje a gadajen koko, aka yi musu inuwa da ganyen kwakwa. Na nuna wa mata yadda ake latsa wuyan albasa a gane mai ciwo, kafin in juya sun fi ni sauri. Da hadarin la'asar ya taso na fara salati, su kuwa ko a jikinsu. Tsohuwa ta ɗaga sanda, kowa ya naɗe tabarmarsa da albasar a ciki kamar yadda suke yi wa koko, aka rufe. Ruwa na ɗaukewa aka warware. Rufewa ta ɗan lokaci, buɗewa ta dogon lokaci, abin da na kasa cusa wa Lawali a kai ke nan.

Kuma ko'ina filis. Filis matsa, filis kama, filis ka taka mani ƙafa. Ni ma na shiga ciki, ina rabawa kamar goron suna.

Waɗanda suka fara taɓuwa, na ce wa matan garin su kwashe su yi miya. Ranar duk garin yanka albasa ake, kowa na hawaye. Na rantse wani mai wucewa sai da ya cire hula ya tambayi wa ya rasu. Mama Akosuwa ta sa aka kawo mani kaza da wuƙa, ta nuna mani in yanka da kaina, ta san Abochi ba ya cin yankan kowa. Ta sa aka share mani wuri a rumfa, ta nuna mani gabas da sandarta.

Da Inusa ya dawo da motar kwashe ganima, ya tarar da tamu wayam. Ya biyo sawu har gari, ya ga albasa kwance a gado tana shan iska kamar matan gwamna. Ya fara, "Ɗan'uwa, filis..." Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa, da alama ba ranar ta fara ganinsa ba. Ta nuna masa hanya da sanda, ta ce, "Filis." Irin na ma'aikacin duwan ne sak. Ya bi hanya.

Lawali ya iso da ƙarfensa da makaniki, ya ga tamfol a ninke, ya ɗora hannu a ka. "Shaibu, ka kashe ni! Ina kayan mutane?" Na ja shi rumfa, na cusa masa ruɓaɓɓiya ɗaya a hanci, wadda na ajiye musamman dominsa. Aka kawo masa sakwara da miyar kaza, ya shanye, ya zauna yana kallon tukunya. Can na ga ɗan Malbaza ya waiga hagu da dama, ya tura kwano gaba, ya ce da ƙaramar murya, "Filis."

Na ce, "Lawali, mi na ji?"

Ya ce, "Tari ni yi."

Da aka gama lodi, da kansa ya ɗaga tamfol a kan sanduna, ya bar gefe a buɗe. Na je sallama, na ciro abin da ke aljihuna na miƙa wa tsohuwa. Ta ture hannuna, ta ce, "Filis, no." Na taɓa jin hani mai daɗi, amma ban taɓa jin wanda ya sa ni neman gefen riga in share ido ba sai wannan. Na sa aka sauke mata buhu guda daga nawa kason, na ruga mota kafin ta sa a mayar. Ta aiko a bi ni da ƙwallon koko ɗaya, rawaya, mai girman kan jariri.

Mun shiga Kumasi albasa na ƙyalli. Abin da ya lalace bai taka kara ya karya ba, na Yaya Haddi kuwa, da suka sha gado, su aka fara wawasa.

Ranar da na koma Dogarawa, gidanta na fara sauka. Na damƙa mata saƙonta, na aje ƙwallon koko a kai. Ta juya shi, ta ce, "Wanga kuma mi na ne? Gwanda ta yi ciwo?" Na gyara zama na fara ba da labari, maƙwabta suka cika gida. Na kai itatuwan har sama ta bakwai, na mai da Inusa mai ƙaho, na yi filis ɗin duwan, na yi na Hajiya Fati, na yi tarin Lawali. Da na zo wurin tsohuwa, na tashi na zare takalmi na nuna yadda na yi. Nan ban ƙara ko gishiri ba, kuma Yaya Haddi ta gane, don ita ta san inda ƙaryata ke farawa da inda take ƙarewa. Ta daɗe tana kallon hannuwana. Ta sa gefen zane ta goge ido, ta ce hayaƙin murhu ne.

Sannan ta turo mani akushin tuwon gero, ta ɗora bayan hannunta a tafi, ta karkace baki irin nawa, ta ce, "Shaibu, hilis, ruhe muna baki ka ci tuwo."